Yadda ake gane babban hadari daga sanyin girgije tun kafin ya iso ƙasar Maska

A ƙasar Maska, yankin noman da ya haɗa Funtua da Bakori da Danja da Dandume, ya miƙa har Malumfashi da Kafur, hadarin damina daga gabas yake tasowa. Galibi jama'a ba sa sanin yana tafe sai gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta juya, ƙura ta turnuƙe. A wannan lokaci abin da ya rage bai wuce 'yan mintuna ba, sai mai shanya ya kwashi abin da ya samu, mai rumfa a kasuwa ya ja tamfol, matafiyi ya nemi mafaka.

Sai dai hadarin da ke isowa Funtua da tsakar dare ko da asuba, sau da yawa daga nesa ya taso. Yakan shafe sa'o'i yana tafiya, ya ratso ɗaruruwan kilomitoci, kuma tun daga tasowarsa akwai tauraron ɗan'adam da ke kallonsa daga sararin samaniya. Abin da tauraron ke aunawa shi ne sanyin saman girgije, domin gwargwadon sanyin girgije, gwargwadon tsawonsa da ƙarfin hadarin da ke ƙarƙashinsa. Da wannan awo ne masana yanayi ke ware babban hadari daga ƙarami, su bi sawunsa, su yi ƙiyasin lokacin da zai iso.

Hadari iri biyu ne

Akwai ƙaramin hadari, wanda kan haɗu da la'asar idan rana ta gasa ƙasa. Faɗinsa 'yan kilomitoci ne, kuma da wuya ya wuce sa'a guda. Shi ne ke jiƙa unguwa ɗaya ya bar maƙwabciyarta a bushe.

Akwai kuma gungun hadari, inda gizagizai masu tsawa da yawa ke haɗuwa su jeru sahu guda, su zama abu ɗaya mai tafiya tare. Tsawon sahun kan kai ɗaruruwan kilomitoci, kuma yakan rayu sa'o'i masu yawa, wani ma ya wuce yini da kwana. Duk wanda ya yi damina a Arewa ya san zuwansa, don tsarinsa kusan ɗaya ne kullum. Da farko iska mai ƙarfi da sanyi ta kaɗo daga gabas da ƙura. Sai ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, da tsawa da walƙiya, na ƙasa da sa'a guda. Daga nan sai ya lafa ya koma yayyafi, wanda kan ɗauki sa'a biyu ko uku.

Wannan na biyun shi ne ƙashin bayan damina. A shekarar 2002 wasu masana 'yan Faransa, Mathon da Laurent da Lebel, sun wallafa binciken da suka yi a kan hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 9, suka gwada su da ma'aunan ruwan sama da aka kakkafa a kewayen birnin Yamai. Sun gano cewa gungun hadari masu tsari da saurin tafiya kashi 12 cikin 100 ne kacal na duk waɗanda suka ƙidaya a tsakiyar yankin Sahel, amma su ne ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan damina.

Ƙasar Maska ta fi Yamai samun ruwa, domin a shekara takan sami milimita 1,000 ko kusa da haka, amma a nan ma irin wannan hadari ne ke cika rafuka da madatsar Mairuwa, ya shayar da masara da dawa da auduga da waken soya. Binciken da aka yi a kan farin shekarun 1970 da 1980 a yankin Sahel ya nuna cewa abin da ya fi raguwa a lokacin shi ne yawan zuwan ruwan, ba yawan abin da kowane zuwa ke zubarwa ba. Ke nan idan gungu biyu ko uku suka kauce wa yanki a lokacin da masara ke fitar da goyo, za a ga tasirin haka a farashin buhu a kasuwar Dandume da kaka.

Idon da ba ya buƙatar hasken rana

Taurarin da ke wannan aiki a kan Afirka sunansu Meteosat, kuma hukumar ƙasashen Turai ta EUMETSAT, mai hedikwata a Jamus, ita ke gudanar da su. An harba na farko a 1977. Babban cikinsu yana can sama da nisan kimanin kilomita 36,000, a saitin Mashigin Tekun Gini, kudu da ƙasar Ghana. A wannan nisa tauraro kan kewaya duniya sau ɗaya a cikin sa'a 24, daidai da juyawar duniyar kanta, saboda haka kullum yana saitin wuri guda kamar an kafe shi. Najeriya na kusa da tsakiyar abin da yake gani, wanda hakan ya sa hotunanta ke fitowa ba tare da karkacewa sosai ba.

Taurarin zubi na biyu, waɗanda aka fara harbawa a 2002, suna ɗaukar hoton Afirka baki ɗaya duk minti 15, kuma kowane ɗigo a hoton yana wakiltar fili mai faɗin kusan kilomita 3. A watan Disamba na 2022 aka harba na farko a zubi na uku, wanda ke ɗaukar hoto duk minti 10, yana kuma ɗauke da na'urar da ke ƙidaya walƙiya dare da rana.

Hoto irin wanda kyamara ke ɗauka ba shi da amfani idan rana ta faɗi, alhali kuwa yawancin manyan hadarin Arewa da yamma suke tasowa su kwana suna tafiya. A nan ne hasken ɗumi, wanda masana ke kira infirared, ya shigo. Kowane abu, daga jikin mutum zuwa dutse zuwa girgije, yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, kuma ƙarfin hasken ya danganta da zafin abin. Shi ne wanda na'urar auna zafin jiki da ake saita wa a goshi ke karantawa ba tare da ta taɓa mutum ba. Tauraron na yin irin wannan awo ga duk abin da ke ƙarƙashinsa. Inda sama take garau, zafin ƙasa yake karantawa. Inda girgije mai kauri ya rufe, sanyin saman girgijen yake karantawa.

Me ya haɗa sanyi da ƙarfin hadari?

Iska tana ƙara sanyi ne yayin da ake yin sama, da kimanin digiri 6 da rabi a ma'aunin Salshiyas a kowace kilomita guda. Idan zafin gari a Malumfashi digiri 30 ne, to a tsawon kilomita 11, inda jiragen sama na fasinja ke tafiya, sanyin ya kai wajen digiri 40 ƙasa da sifili. Firizar gida ba ta wuce digiri 18 ƙasa da sifili. A irin wancan sanyi babu ɗigon ruwan da zai zauna a narke, don haka saman girgijen duk ƙanƙara ce.

Girgije ba ya kai wa wannan tsawo sai da iska mai ɗumi da laima da ke tunkuɗa shi sama da ƙarfi. Idan tunkuɗar ta yi tsanani, saman girgijen kan kai kilomita 14 zuwa 16, inda sanyi ke kai wa digiri 70 ƙasa da sifili ko fiye. A can akwai wani shinge na iska da ke hana shi ci gaba da hawa, sai ya baje gefe da gefe, ya yi fai-fai kamar uwar maƙera. Wannan shimfiɗa ta ƙanƙara ita ce tauraron ke gani a matsayin babban tabo mai sanyi. Awon sanyi ya zama awon tsawo ke nan, tsawo kuma ya zama alamar ƙarfi.

Matakai huɗu na tantancewa

Mataki na farko shi ne yanke iyaka. Ana umartar kwamfuta ta ware duk ɗigon da sanyinsa ya kai wani adadi, ta watsar da saura. A nazarin yanayin Afirka ta Yamma an fi amfani da digiri 40 ƙasa da sifili a matsayin iyakar gungun hadari, sannan digiri 60 ko 70 ƙasa da sifili a matsayin cibiyarsa, inda ruwa da tsawa suka fi tsanani.

Mataki na biyu shi ne auna faɗi. Kwamfuta na haɗa ɗigogin da ke manne da juna ta lissafa filin da suka rufe. Wasu masana kan fara ƙidaya daga murabba'in kilomita 5,000, wasu kuma daga 25,000. Wannan adadi na biyu ya ɗan ɗara faɗin Jihar Katsina baki ɗayanta, wadda ba ta wuce murabba'in kilomita dubu 24 da 'yan kai ba. A 1980 wani masani Ba'amurke, Robert Maddox, ya shata sharuɗɗan ajin da ya fi kowanne girma: shimfiɗa mai sanyin digiri 32 ƙasa da sifili da ta kai murabba'in kilomita 100,000, a cikinta da cibiya mai sanyin digiri 52 ƙasa da sifili da ta kai 50,000, ta kasance kusan zagayayya, ta kuma ɗore aƙalla sa'a 6. Girgije guda mai wannan faɗi ya fi kowace jiha a Najeriya girma, kuma Afirka ta Yamma na cikin wuraren da aka fi samun irinsa a duniya.

Mataki na uku shi ne bin sawu. Ana ɗora hoton yanzu a kan na minti 15 da suka wuce. Idan tabon da ke wannan ya hau kan na wancan, to hadari ɗaya ne ya matsa gaba. Ta haka ake sanin inda ya dosa da saurinsa, a kuma ga lokacin da biyu suka haɗe ko ɗaya ya rabu biyu. Masanan Faransa da aka ambata a baya sun ware masu tsari ne ta wannan hanya, wato waɗanda cibiyarsu ta kai digiri 60 ƙasa da sifili, ta ɗore fiye da sa'a 3, tana tafiyar da ta wuce mita 10 a daƙiƙa, kwatankwacin kilomita 36 a sa'a.

Mataki na huɗu shi ne duba lafiyar hadarin. Idan tabon na faɗaɗa da sauri, cibiyarsa na ƙara sanyi, to yana kan ganiyarsa. Idan gefensa na yamma ya yi kaifi, wato sanyi ya sauya nan take a ɗan taƙi kaɗan, to a nan goshinsa yake, inda iska da ruwa mai ƙarfi suke. Idan kuwa cibiyar ta fara ɗumi, gefen ya yi dishi-dishi, to ya kama hanyar mutuwa, ko da faɗinsa bai ragu ba tukuna.

Daga Tafkin Chadi zuwa Funtua

Gungun hadari ya fi tasowa a kusa da tuddai, inda iska ke samun abin hawa. A wannan sashe na Afirka fitattun wuraren su ne Tsaunukan Jos, da duwatsun kan iyakar Najeriya da Kamaru, da na Azbin a Nijar, da na Darfur a Sudan. Wani kuma a fili yake haɗuwa, musamman a inda busasshiyar ƙasa ta yi iyaka da wadda ruwa ya jiƙa kwanan nan.

Abin da ke kora shi yamma wata iska ce mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas a tsawon kilomita 3 zuwa 4. Ƙarƙashinta kuma iskar damina ce mai laima ke shigowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Hadarin na tafe yana zuƙar wannan laima ta goshinsa, ita ce abincinsa. Sanyayyar iskar da ruwansa ke saukowa da ita kan bazu a ƙasa ta yi gaba, ta ɗaga iska mai ɗumi da ta tarar, sai sababbin gizagizai su haɗu a goshin. Wannan ne sirrin daɗewarsa, kuma ita ce iskar da ke kware rufin kwano kafin ɗigon farko ya sauka.

Saurin irin wannan hadari yakan kai kilomita 40 zuwa 60 a sa'a. Tsakanin Kano da Funtua a miƙe bai kai kilomita 150 ba, saboda haka hadarin da aka gani a kan Kano zai iya isowa cikin kimanin sa'a 3. Wanda ya taso a wajen Maiduguri da la'asar, da nisan sama da kilomita 600, idan ya rayu, sai wajen asuba zai iso ƙasar Maska. Waɗannan sa'o'i su ne ribar da hoton ke bayarwa.

Abin da hotunan shekara 35 suka nuna

Tunda an daɗe ana adana hotunan Meteosat, sun zama kundin tarihin damina. A 2017 wata tawaga ƙarƙashin masani ɗan Birtaniya Christopher Taylor ta wallafa a mujallar Nature sakamakon nazarin hotunan 1982 zuwa 2016. Sun ƙidaya gungun hadarin da suka wuce murabba'in kilomita 25,000, suka ware masu tsananin sanyi da suka kai digiri 70 ƙasa da sifili. Sun gano cewa yawan waɗannan masu tsanani ya ninka sau uku a yankin Sahel a tsawon wannan lokaci.

Masanan sun danganta haka da ɗumamar Hamadar Sahara. Yayin da hamada ke ƙara zafi fiye da yankunan da ke kudu da ita, bambancin da ke tsakanin iskar ƙasa da ta sama na ƙaruwa, wanda ke taimaka wa hadari ya yi tsari da ƙarfi. Ma'anar wannan ga manomi da mai gini ita ce, ruwan da ya koma sauka bayan shekarun fari ya fi zuwa da yawa a lokaci guda.

An ga abin da irin wannan ruwa kan haifar. A ranar 1 ga Satumba, 2009, birnin Wagadugu ya sami sama da milimita 260 a ƙasa da yini guda. A nan gida, ruwan da ya sauka a Jibiya cikin daren 15 ga Yuli, 2018, ya haddasa ambaliyar da ta ci rayukan mutum sama da 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje. Ruwan dare ne, ya tarar da mutane suna barci.

Inda hoton kan ruɗi mai kallo

Tauraron saman girgije yake gani, ba ya ganin ruwan da ke sauka. Shimfiɗar ƙanƙara tana iya rufe Jihar Katsina gaba ɗaya, alhali ruwa mai ƙarfi yana sauka ne a wani siririn zirin da bai wuce 'yan kilomita goma-goma ba. Don haka ana iya ganin Maska da Malumfashi a ƙarƙashin tabo ɗaya, ɗaya ta sami ambaliya, ɗaya ta sami yayyafi. Hausawa sun ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.

Haka nan akwai siririn girgije na can sama, ragowar hadarin da ya mutu, wanda yake da sanyi amma babu ruwa a cikinsa. A farkon damina kuma, lokacin da iskar ƙasa ba ta gama jiƙa ba, ruwan kan ƙafe tun bai iso ƙasa ba, sai a sami guguwa da ƙura kawai. A gefe guda, ruwan marka na watan Agusta wani lokaci daga gajerun gizagizai yake sauka, waɗanda ba su kai iyakar sanyin da aka yanke ba, sai kwamfuta ta tsallake su.

Maganin wannan shi ne gwada hoton da ma'aunin ruwa na ƙasa. Shirin TAMSAT na Jami'ar Reading da ke Ingila ya shafe shekaru yana ƙiyasta ruwan sama a Afirka ta hanyar ƙidaya sa'o'in da girgije mai sanyi ya yi a kan kowane wuri, sannan ya daidaita lissafin da abin da ma'aunai suka tara. Ingancin ƙiyasin ya dogara da yawan ma'aunan. Tsofaffin tashoshi irin ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda asalinta ke komawa 1922, suna da daraja saboda haka, amma yanki mai faɗi kamar kudancin Katsina na buƙatar ma'auni a kowace gunduma.

Amfaninsa ga ɗan kasuwa da ma'aikaci

Hasashen damina da Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara yana faɗin lokacin da ake sa ran ruwa zai sauka da lokacin ɗaukewarsa. Hoton sanyin girgije kuwa amsar wata tambaya yake bayarwa: me zai faru daga yanzu zuwa sa'a 6? A wannan taƙi babu abin da ya kai bin sawun hadarin da ya riga ya haɗu. Shirin African SWIFT, wanda aka fara a 2017 da haɗin gwiwar masana daga Birtaniya da Najeriya da Ghana da Senegal da Kenya, ya mayar da hankali sosai a kan horar da masu hasashe wannan aiki.

Ga ɗan kasuwar hatsi, sa'a 3 sun isa a rufe tirelar masara, a ɗage lodi, a kwashe shanya. Ga manomin da ya sayi taki da tsada, sun isa ya dakata da watsawa don kada ruwa mai ƙarfi ya wanke masa. Ga jami'in agajin gaggawa, sun isa a sanar da masu unguwannin da ke bakin rafi tun kafin mutane su kwanta. Ga shugaban makaranta, sun isa ya sallami yara kafin iska ta taso.

Mai karatu da ke da wayar zamani zai iya ganin waɗannan hotuna kyauta a shafin EUMETSAT da wasu manhajojin yanayi. Abubuwa huɗu ya kamata ya kiyaye. Ya duba gabas da garinsa, wajen Kano da Jigawa da Bauchi. Ya karanta ma'aunin launukan da ke gefen hoton, domin kowane shafi da launin da yake bai wa sanyi. Ya kalli jerin hotuna na sa'a biyu ko uku maimakon guda ɗaya, don a motsi ake gane inda hadari ya dosa. Ya kuma lura cewa agogon da ke jikin hoton galibi na GMT ne, wanda Najeriya ke gaba da shi da sa'a guda. Duk da haka, sanarwar NiMet ita ce abin dogaro, domin masu hasashenta na haɗa hoton da bayanan iska da laima.

Giɓin da ya rage

A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar da shirin ganin cewa kowane ɗan'adam na samun gargaɗin gaggawa kan bala'o'in yanayi nan da ƙarshen 2027. A ɓangaren gani daga sama, aikin ya yi nisa, domin hoton na sauka duk minti 10 zuwa 15, dare da rana. Abin da ya rage shi ne tazarar da ke tsakanin allon mai hasashe da kunnen mutumin da ke Maska.

Cike wannan tazara aiki ne na gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi da gidajen rediyo da ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Ana buƙatar jami'i a kowace ƙaramar hukuma da zai riƙa karɓar sanarwa ya isar da ita cikin Hausa, da tsarin da ya haɗa shi da hakimai da dagatai da shugabannin kasuwa, da ma'aunan ruwa a makarantu da ofisoshin malaman gona. Duk waɗannan da rani ake shirya su, tun kafin hadarin farko ya haɗu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.